Kontakta biyu a fanel ɗaya: intalok na waya kaɗai bai isa ba

Motar lantarki mai fes uku, wato injin da wuta ke juyawa, tana canza juyi idan aka musanya layukan wuta biyu, galibi L1 da L3. Shi ya sa fanel ɗin ƙugiyar ɗaga kaya ko belin jan kaya yake da kontakta biyu, ta gaba da ta baya (kontakta makunni ce da kwail ɗin maganaɗisu ke rufe bakunanta don wuta ta wuce). Ranar da suka kama tare, L1 da L3 za su haɗu kai tsaye a kan volt 400 zuwa 415, ba lodi a tsakani. Bakunan sun narke ke nan, wani lokacin har murfin fanel ya yi baƙi ƙirin.

Abin da yawancin masu gyara suka saba shi ne intalok na waya, wato haɗin da ke hana su kamawa tare: a bi da layin kwail ɗin kontaktar gaba ta bakin 21-22 na ta baya, wanda ke buɗewa idan ta bayan ta kama, a yi wa ɗayar ma haka. Daidai ne, amma yana da gibi. Bai san da yatsan wanda ya danna kontakta da sukundireba don gwaji ba. Bai hana jijjiga mai ƙarfi ba, kuma duk wanda ya yi jampa, wato ya haɗe 21-22 da guntun waya, saboda gaggawa ya kashe shi.

Makullin da ake sakawa tsakanin jikin kontaktocin biyu shi ke toshe wannan gibi. Ɗan abu ne mai harshe da ke lilo: idan ɗaya ta nutse, sai ya tokare ɗayar. Ko bakin kontaktar gaba ya manne saboda zafi, ta baya ba za ta sauka ba. A Schneider TeSys D, daga LC1D09 zuwa D38, LAD9V2 ne. A ABB, daga AF09 zuwa AF38, VM4 ne. Kada a haɗa na wani kamfani da na wani, kuma kontaktocin su zauna kafaɗa da kafaɗa a kan reli ɗaya da kilif ɗinsu, domin tazara kaɗan tana sa harshen ya kuskure.

Sai dai shi ma ba ya tsayawa shi kaɗai, kuma nan ne ake yawan asarar kwail. Kwail na AC yana jan wuta mai yawa a farkon kamawa, sai ƙarfen ya rufe take raguwa. Idan makullin ya tokare shi alhali wuta na kan A1-A2, wato bakunan kwail ɗin, zai yi ta gurnani har ya ƙone. Don haka a saka duka biyun.

Gwajin ba wuya. A kashe bireka, a kulle ta, a tabbatar da mita cewa babu wuta. A danne kontakta ɗaya har ƙasa, a gwada danna ɗayar, mita tana kan 1/L1 da 2/T1 ɗinta. Idan mitar ta yi ƙara, alamar bakin ya haɗu, makullin ya lalace ko an saka shi ba daidai ba. Sai a juya a gwada ɗaya ɓangaren.

Haka ake yi wa kontaktar sta da ta delta a fanel ɗin tayar da mota, da kuma canjin wuta tsakanin NEPA da janareto, inda haɗuwarsu ke iya tura wuta kan layin da wani ma'aikaci yake gyarawa.