Babin da aka soke da jan biro

Na miƙa takardar ajiye aiki, an kuma amsa. Wasu daga cikin waɗanda muka zauna tare a sashen nazarin tsaro sun ce in bar musu 'yan shawarwari, musamman saboda yaran da aka ɗauka bana. Ba zan tsaya kan rahoton mako ko bin kuɗin tafiya ba, kun fi ni sanin waɗannan. Magana ɗaya ce ke cina, ta babi na huɗu na rahotonmu kan girke soja a ƙasashen waje, kuma tsofaffin cikinku sun riga sun gane inda na dosa.

A farkon 2022 aka ba mu aikin. Faransa na tattara komatsanta daga Mali, ana shirin mai da ƙarfin rundunarta ta Sahel, Barkhane, zuwa Nijar, masu ba cibiyarmu kuɗi kuma suna son rahoto mai amsa tambaya guda: shin ya dace ƙasa ta girke sojojinta a wata ƙasa shekara da shekaru? Ni aka ɗora wa kwatanta misalai. Babi uku na farko babu wanda ya ce uffan a kansu, don ƙidaya ce kawai. Sojojin Amurka sun shiga Jamus da Japan a 1945, har yau suna can, sama da 30,000 a Jamus, sama da 50,000 a Japan. A Koriya ta Kudu akwai kimanin 28,500, zaman da ya samo asali daga yaƙin da aka tsagaita a 1953. Barkhane kuwa, da ta gaji Serval, rundunar Faransa a Mali, a 2014, ta kai sojoji kusan 5,100 lokacin da take ganiyarta.

Da na jera su gefe da gefe sai na ga ba yawan soja ke sa zama ya ɗore ba, ba kuma girman barazana ba. Koriya ta Kudu ta gina tata rundunar mai kusan mutum rabin miliyan. Tana biyan fiye da won tiriliyan ɗaya, kuɗin ƙasar, duk shekara don kula da sojojin Amurka, ita ce kuma ta ɗauki kusan kashi 90 cikin 100 na kuɗin faɗaɗa sansanin Amurka na Humphreys. Kuɗin yana bi ta majalisa, 'yan adawa su yi ta surutu, jaridu su caccaka, sannan a amince. Ƙasar da ke yin haka ta san abin da take saya. Kuma tana da bakin cewa a'a. Shugaban Faransa Janar de Gaulle ya faɗa a 1966, sojojin Amurka suka bar Faransa a shekarar da ta biyo. Majalisar dattawan Filifin ta faɗa a Satumban 1991, da ƙuri'a 12 da 11, aka rufe sansanin Amurka na Subic a 1992. Da rigimar tekun kudancin Sin ta yi zafi, Filifin ɗin ce da kanta ta sake buɗe ƙofa, da yarjejeniyar 2014.

Daga nan babi na huɗu ya fito. Na rubuta cewa sa hannun shugaban ƙasa a kan takarda ba shi ne yardar ƙasa ba. Mai son sanin ko zama zai ɗore, ya je ya ji ta bakin wanda gidansa ke jikin katangar sansanin, wanda jirgi ke tada shi daga barci, wanda ake tsayar da shi a hanya har ayarin motocin soja ya wuce. Na kawo Okinawa, tsibirin da bai kai kashi 1 cikin 100 na faɗin Japan ba amma yake ɗauke da kusan kashi 70 na filayen da aka keɓe wa sojojin Amurka a ƙasar. A 1995 sojoji uku suka yi wa yarinya 'yar shekara 12 fyaɗe a can, dubban mutane suka fito, a 1996 aka yi alkawarin mayar da filin jirgin Futenma, har na rubuta babin ba a mayar ba. Sannan na kawo abin da bai fi 'yan watanni da faruwa ba: ayarin sojojin Faransa da jama'a suka tare a Kaya ta Burkina Faso a Nuwamban 2021, suka sake tare shi a Tera ta Nijar, aka yi harbi, aka rasa rayuka. Na ce duk wanda ke shirin ƙara soja a wurin da aka yi wannan, ya fara shirya hanyar fitarsa tun kafin ya sauke kaya.

Shugaban sashenmu na lokacin ya aiko a kira ni. Bai ce in zauna ba. Daftarin na gabansa, ya zaro jan biro daga aljihun gaba, ya ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya lashi yatsa, ya juya, ya sake ja. A shafin da na yi maganar Tera sai da biron ya huda takardar.

Ya ce, "Malam, wannan ba nazari ba ne, hirar bakin titi ce. Ka san su wa za su karanta?"

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Shi ya sa na rubuta. 'Ya'yansu ne a cikin motocin nan."

Ya ce, "Mu da gwamnatoci muke hulɗa, ba da masu jifa ba. Je ka cire."

Da a nan ya tsaya, da sauƙi, kowane shugaba yana da ikon gyara rahoto. Amma a watan Afrilu, da majalisar dokokin Nijar ta amince da ƙarin sojojin waje da gagarumin rinjaye, sai ya buga labarin a takarda, ya kawo taron safiyar Litinin, ya karanta a gaban kowa har da yaran da ke koyon aiki, ya ɗago ya ce ko malamin bakin titi yana da abin cewa. Aka yi dariya, irin wadda ake yi idan oga ya yi barkwanci. Na ce ƙuri'ar majalisar da jam'iyya mai mulki ta cika ba ta goge abin da ya faru a Tera ba. Ya ce an gama da wannan. Ranar gabatar da rahoton aka cire sunana daga masu magana, aka ba ni kula da na'urar haska hotuna. A takardar auna aiki ta ƙarshen shekara ya rubuta cewa ba na karɓar gyara, kuma kun san abin da jimla irin wannan ke yi wa ƙarin girma.

Sauran kowa ya gani da idonsa. Faransa ta gama fita daga Mali a Agustan 2022, daga Burkina Faso a Fabrairun 2023. Sojoji suka kifar da gwamnatin Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, kafin shekarar ta ƙare sojan Faransa na ƙarshe ya tafi. A Maris na 2024 aka soke yarjejeniyar soja da Amurka. Sansanin jirage marasa matuƙi na Agadez, da ya lashe sama da dala miliyan 100 kuma bai fara aiki ba sai 2019, aka miƙa shi a Agustan 2024. Cadi ta bi sahu. Ina cikin mota wata rana na ji muryar tsohon shugaban nawa a rediyo, yana bayanin cewa cibiyarmu ta daɗe tana gargaɗi kan rashin sauraron mutanen da ke zagaye da sansanoni. Har Okinawa ya ambata. Bai taɓa kirana a kan maganar ba, ni ma ban taɓa tada ta ba sai yau.

Kada yaran da suka zo daga baya su ɗauka na ce a kwashe soja ko'ina a koma gida. Haka ya so a fahimta, don ya fi sauƙin sokewa. Fita ma tana da nata farashin. Amurka ta bar Iraƙi a Disamban 2011, Mosul ta faɗi a Yunin 2014, sojojin suka dawo. A Sahel ɗin ma tafiyar baƙin ba ta kawo zaman lafiya ba, kashe-kashe na nan. Abin da na tsaya a kai shi ne a riƙa auna zaman da abin da ya gina. Tarayyar Sobiyet ta janye daga Afghanistan a 1989, gwamnatin Najibullah ta ƙara shekara uku, sai da kuɗi da mai suka daina zuwa daga Mosko ta rushe. Amurka ta yi shekara ashirin a ƙasar, gwamnatin Ashraf Ghani ta faɗi ranar 15 ga Agustan 2021, baƙin ba su ma gama hawa jirgi ba. Rundunar da aka saba mata da cewa wani ne zai kawo jirgin yaƙi, wani ya gyara shi, wani ya biya albashi, ba ta koyi tsayuwa ba, kuma kowace shekarar da aka ƙara a haka ƙara mata rauni ake yi. Idan an yi shekara goma mai gida bai iya tsare ƙofarsa ba, ni a ganina zaman ya shiga cikin ciwon, ya daina zama magani.

Akwai kuma ɓangaren ƙasar da ta tura sojan, wanda rahotonmu ya taƙaita da teburin kuɗi. Abin da ya fi kuɗin haɗari shi ne mantuwa. Da aka kashe sojojin Amurka huɗu tare da abokan aikinsu na Nijar a Tongo Tongo a Oktoban 2017, manyan sanatocin Amurka sun fito sun ce ba su san suna da soja mai yawan haka a ƙasar ba. Su ne fa masu amincewa da kasafin. Najeriya ma ta ɗanɗana nata: sojojinta sun shiga Laberiya a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, a 1990, daga baya Saliyo, duk a zamanin mulkin soja, babu majalisar da za ta tambayi nawa ake kashewa ko yaushe za a dawo. Da farar hula suka karɓi mulki a 1999 aka fara janyewa daga Saliyo. Kuma dogon zama yana haifar da maƙiyan da babu su a da. Sojojin da Amurka ta kai Saudiyya a 1990 saboda Saddam sun zauna har 2003, zaman nasu kuwa ya zama babban abin da Usama bin Laden yake kafa hujja da shi.

Amsata ga tambayar da aka biya mu mu amsa, wadda ba ta shiga rahoton ba, ita ce ƙasa tana iya barin sojanta a waje tsawon lokaci idan mai masaukin yana da ƙarfin korarsa amma ya zaɓi ya bar shi, yana da tasa rundunar, kuma majalisun ɓangarorin biyu suna sabunta maganar a fili lokaci zuwa lokaci. Inda sojan ya zama shi ke riƙe da kujerar shugaba ɗaya, ranar da kujerar ta faɗi da shi za ta faɗi.

Sauran darussan gajeru ne. Duk daftarin da kuka miƙa, ku tura wa kanku kwafi mai kwanan wata. Idan yarjejeniyar girke soja ta zo hannunku, ku fara da sashen da ya ce kotun wa za ta hukunta sojan da ya yi laifi, don a kansa tattaunawar Amurka da Iraƙi ta watse a 2011. Ku nemi kuɗin haya, kada ku tsaya kan jawabin abota: Jibuti ta sa Amurka biyan dala miliyan 63 a shekara a kan sansanin Lemonnier a yarjejeniyar 2014, ta kuma ba Sin wuri a 2017, ba wanda take wa kara. Kada ku yi musu da oga a taron Litinin, ku bi shi ofis, ko da tsaye zai bar ku. Kuma idan ya yi wa wani dariya a gabanku, ba dole ba ne ku taya shi.

Fayil ɗin Somaliya na bar shi a kabad na biyu. Rundunar Tarayyar Afirka tana can tun 2007, Yuganda ce ta fara kai soja, an canza mata suna a 2022, an sake canzawa a 2025, al-Shabab kuma ba ta tafi ko'ina ba. Wanda zai gaje ni ya fara da tambayar wa ke biyan alawus ɗin sojojin, don Tarayyar Turai da ta daɗe tana ɗauke da mafi yawan nauyin ta nuna ta gaji. Ya kuma nemi wanda ya zauna a Mogadishu kusa da sansanin filin jirgi ya ji ta bakinsa. Idan rahoton ya kammala, zai bi ta hannun mutumin nan kafin ya fita, don yanzu shi ne mataimakin darakta.