Masauki tsakanin teku da gandun daji: yadda muke tsara hutun iyali

Mai ƙaramin masauki a gaɓar teku, ga gandun daji a bayansa, rabin aikinsa tsara wa iyali yininsu ne, kuma teku ne ke da ta cewa a wannan tsari.

A yawancin gaɓoɓi ruwa yakan cika ya janye sau biyu a rana, kullum kuma lokacin yana jinkirta da kamar minti 50. Shi ya sa kowace safiya muke rubuta lokutan a allo a bakin ƙofa. Yara ƙanana su yi wasa idan ruwa ya janye ya bar 'yan kududdufai. Shiga kwale-kwale cikin kurmin itatuwan bakin ruwa kuwa sai ya cika, in ba haka ba jirgi ya kafe a taɓo, a yi ta zaman jira, ƙwari masu cizo suna cin karensu babu babbaka. Ranakun tsayuwar wata da na cikarsa ruwan ya fi hawa, don haka tun da yamma muke kwashe kujeru zuwa tudu.

Wurin da ya fi ba mu tsoro shi ne wanda ya fi kama da lafiyayye. Inda ka ga ruwa ya yi duhu ya kwanta tsakanin kumfa biyu, igiya ba ta fashewa, to ta nan ruwan ke komawa teku da ƙarfi, kuma nan iyaye suka fi zaɓa wa yara saboda shirunsa. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawa da shi. Ya yi iyo a gicciye, yana bin tsawon gaɓa har ya fita, ko ya kwanta bisa ruwa ya ɗaga hannu. Rigar ceto da nauyin yaro ake zaɓarta: a ɗaure masa, a kama kafaɗun rigar a ɗaga, in ta haura haɓarsa ta yi masa yawa. Robar da ake hurawa a sa a hannu abin wasa ce kawai.

Daji da ƙarfe 6 na safe ake shigarsa, tare da ɗan jagoran gandun, kuma sa'a biyu ta ishi ƙananan yara. Daga ƙarfe 10 zuwa 4 a nemi inuwa, a riƙa sabunta man kariya daga rana duk bayan sa'a biyu da bayan kowane wanka. Jaririn da bai kai wata 6 ba, kada rana ta taɓa shi kai tsaye.

Birai fa sai an yi da gaske. Ka ba ɗaya abinci yau, gobe garke ne a baranda, suna zuge jakunkuna. In biri ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti ran nan saboda cutar haukar kare.

Idan gaɓar taku kunkurun teku na saka ƙwai a cikinta, ƙwan kan yi kamar wata biyu a yashi. 'Ya'yan suna fitowa da dare su nufi inda ya fi haske, farin ƙwan lantarki ɗaya sai ya juyo da su tudu. Muna kashe fitilun da ke fuskantar ruwa, mu ba baƙi tocila mai jan haske.

Sauran aikin baƙo ba ya gani. Iska mai gishiri tana cin kwaɗon ƙofa, na'urar sanyaya ɗaki da janareta, sai a riƙa ɗauraye su da ruwan daɗi ana shafa mai. Gidan sauro a duba shi huda-huda kafin kowane iyali ya shigo. Kwakwar da ke saman hanya da wurin wasan yara kuma a sauke ta tun ba ta nuna ba.