Yadda ake cin ramen a Japan tun da zafinsa

Da fulawar alkama, gishiri, ruwa da kansui ake murza taliyar ramen. Kansui wani ruwa ne mai kama da ruwan kanwa, shi ke ba ta launin rawaya da taurin da ake ji a haƙori. Sai dai taurin ba ya daɗewa. Da ta faɗa cikin romo mai zafi za ta fara shan ruwa, kafin minti goma ta kumbura ta yi laɓe-laɓe. Shi ya sa a ƙananan shagunan Japan ba a zaman hira a kan kwano. A da yawa daga cikinsu za ka sayi tikiti a na'ura a bakin ƙofa, kusan yen 1,000, ka miƙa wa mai dafawa, ka zauna a bakin dogon teburin shagon.

Ka lura da hannunsa. Mai gwaninta yakan ɗumama kwanon tukuna, ya zuba ruwan ɗanɗano mai gishiri a ƙasa, wanda Japanawa ke kira "tare", sai mai mai ƙamshi, sai romo. Taliya ce ke biyo baya, kuma sai ya girgije ta sosai a rariya. In ya yi sakaci, ruwan dahuwarta ya bi ta cikin kwano, romon ya tsinke ya yi salam. Wannan kuskure ne da ke ɓata ramen.

Ruwan ɗanɗanon da romo su ke raba nau'o'in ramen: shoyu na ruwan waken soya ya yi suna a Tokyo, shio mai gishiri zalla a Hakodate, miso na kullun waken soya da aka tsima a Sapporo. Tonkotsu na Hakata, wata unguwa a birnin Fukuoka, romon ƙashin alade ne da ake tafasawa awanni har ya yi fari. Musulmi ya kiyaye: ko a shoyu, yankan naman sama, chashu, galibi alade ne, kuma ana yawan sa giyar shinkafa, mirin ko "sake", a ruwan ɗanɗanon. Romon kaza, tori paitan, bai isa hujja ba shi kaɗai. A nemi shago mai takardar shaidar halal.

Fara da kurɓar romo da cokali kafin ka ƙara barkono ko tafarnuwa. Sannan ka ɗebi taliya kaɗan da sandunan cin abinci, ka zuƙe ta da ƙara. Ba rashin ladabi ba ne a can; iskar ce ke sanyaya ta. Nori, busasshiyar ciyawar teku, a ci da wuri, don nan da nan yake jiƙewa. Ƙwai kuwa, in an dafa shi minti shida zuwa bakwai aka tsoma a ruwan ƙanƙara, gwaiduwarsa za ta fito da danƙo.

Taliyar Hakata siririya ce, ta fi saurin laushi, don haka ake zuba ta kaɗan. Ka ce kata in kana son ta da tauri. In ba ka ƙoshi ba, ka nemi kaedama, ƙarin taliya, amma ka rage romo kamar rabin kwano da za a zuba ta ciki.