Fas ko Marrakesh

Asabar, da dare.

Yau dai mun yanke shawara. Tun bayan azahar muke zaune a falo ni da maigida, taswirar Maroko a wayarsa, takarda da biro a hannuna, har aka kira la'asar ba mu tashi ba. Ƙasar kam mun daɗe da tsayarwa. Abin da ya rage shi ne ɓangaren da za mu nufa, domin hutun da ya samu a wurin aiki bai wuce mako guda da 'yan kwanaki ba. A Kasablanka jirgi zai sauke mu. Daga nan ko mu yi arewa zuwa Fas, ko mu yi kudu zuwa Marrakesh.

Shi Marrakesh yake so, kuma ba da hannu sake ya zo ba. Ya ce daga Kasablanka jirgin ƙasa bai wuce awa uku ba, Fas kuwa ya kusa huɗu. Ya nuna mini dandalin Jami'ul Fana yadda yake cika bayan magariba, masu abinci da makaɗa da masu ba da labari, ga hasumiyar masallacin Kutubiyya tsaye tun ƙarni na 12. Amma abin da ya fi jan ransa duwatsun Atlas ne. Ya daɗe yana son ya ga ƙanƙara a kan dutse da idonsa, kuma Tubkal, mai tsawon mita 4,167, babu wanda ya kai shi a duk Arewacin Afirka. Daga Marrakesh a mota ake zuwa ƙauyen Imlil da ke gindinsa, a yini a dawo. Yana magana fuskarsa na haske, sai na ji nauyin musa masa.

Ni kuma Fas ce a raina tun kafin mu fara tara kuɗin tafiyar. A gidan wazifa na tashi. Kullum bayan magariba Baba, Allah ya jiƙansa, zai shimfiɗa farin ƙyalle a zaure, almajirai su kewaye, mu yara muna jiyo su daga tsakar gida. Sunan Fas na fara jinsa kafin in san akwai wata ƙasa Maroko, saboda a can Shehu Ahmadu Tijjani ya rasu a 1815, a can zawiyarsa da makwancinsa suke. Baba ya sauke farali, amma ziyarar Fas Allah bai nufe shi da ita ba, kuma har ya bar duniya yana ambatonta.

Maigida ya san wannan sarai, shi ya sa ya tanadi amsa. Ya ce, "Maman yara, in don ziyara ce, ai Marrakesh ba ta da baya. Alƙali Iyad, mai Asshifa da ake karanta mana kowane azumi, a can yake kwance. Haka Imamu Jazuli mai Dala'ilu." Gaskiya ya faɗa, dukansu suna cikin waliyyai bakwai da ake ziyarta a garin. Maganar ta shige ni, har na ajiye biro na yi shiru.

Sai ya kawo abin da nake gudu: mu haɗa duka biyun. Nan ne na ƙi, kuma har yanzu ina ganin daidai na yi. Tsakanin garuruwan biyu a jirgin ƙasa ya haura awa shida. In aka haɗa da ranar sauka da ranar komawa filin jirgi, kusan rabin hutun zai ƙare a tasha da ɗaurin jaka. Na ce masa, "Abban yara, tun da muka yi aure ba mu taɓa fita mu biyu kawai ba. In ba biki ba, to gaisuwar rasuwa ce, ko kai yara gida hutu. Ba na son mu tafi mu dawo da gajiya da hotuna. Ina son mu zauna a gari ɗaya har mai shayin unguwar ya gane mu." Bai ce komai ba, amma na ga ya daina latsa wayar.

Sahara mun cire ta tun da wuri. Merzuga, inda tuddan yashin nan suke, tafiyar yini guda ce daga kowanne cikin garuruwan, kuma raƙumi da rairayi ba baƙin ido ba ne a wurinmu.

Bayan la'asar na kawo masa kunun gyaɗa muka ci gaba. Na karanta masa abin da na rubuta game da Fas. Tsohon birnin mota ba ta shiga, sai jaki da alfadari da baro, lunguna dubbai, kuma tun 1981 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. A cikinsa Ƙarawiyyin take, masallaci da makarantar da Fatima al-Fihri ta kafa a shekarar 859. Mace ce ta gina ta da dukiyar da ta gada, kuma har yau ana karatu a wurin. Wannan kaɗai ya isa ya sa in so in tsaya a ƙofarta.

Abin da ya juya shi kuwa fata ce. Kakansa baduku ne, kuma yana yaro ya sha raka shi Ƙofar Wambai sarin kirgi. Da ya ga hoton majemar Shuwara, ramukan jima da na rini jere ana aiki da hannu, sai ya karɓi takardar daga hannuna. Shi ya shiga ba ni labarin yadda fatar jan akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa take ratsa hamada a bayan raƙuma, ta isa Arewacin Afirka, Turawa su saya su kira ta fatar Maroko. Ya ce yana so ya riƙe tasu a hannu, ya shinshina, ya ga ko da bagaruwa suke jima kamar namu. An ce warin wurin yana da ƙarfi, har ganyen na'ana'a ake miƙa wa baƙi su kara a hanci. Shi wannan bai dame shi ba ko kaɗan.

Na san ya bar abin da yake so saboda ni, kuma ban ɗauki hakan da wasa ba. Don haka na nemo masa dutse a arewa. Ifran tana cikin Atlas ta Tsakiya, kamar awa ɗaya daga Fas, gari ne mai sanyi da dajin itatuwa, ƙanƙara na sauka a can da hunturu. Ba Tubkal ba ce, na faɗa masa haka kai tsaye. In a Oktoba muka je kamar yadda muka tsara, don mu kauce wa zafin Yuli da Agusta, da wuya ya ga ƙanƙarar. Ya ce ba komai, Marrakesh tana nan, in da rai da rabo.

Ya ƙara wata magana da ta tsaya mini. Ya ce ƙauyukan da yake son gani su ne girgizar ƙasar 8 ga Satumban 2023 ta fi yi wa ɓarna, inda mutum kusan 3,000 suka rasu, kuma mutanen yankin da zuwan baƙi suke ci. Yana ganin zuwa wurinsu taimako ne. Mun yi alkawari tafiya ta gaba, in Allah ya hore, tasa ce, ba zan sa baki a zaɓin ba.

Tsarin dai yanzu: kwana ɗaya a Kasablanka mu yi sallah a masallacin Hassan na Biyu da ke bakin teku, sauran duk a Fas. Juma'a dole ta same mu a can, saboda zikirin yamma a zawiya. Meknes da kangon birnin Rumawa na Walili yini guda, Ifran yini guda. Shafshawan mai shuɗin bango awa huɗu ce a mota, ina ganin za mu haƙura da ita.

Da magariba na kira Inna na gaya mata. Ta yi ta sa albarka, ta ce a kawo mata yaran, sannan ta lissafo mini waɗanda zan yi wa addu'a. Litinin maigida zai fara neman biza. Saura masauki: ni ina son gidan gargajiya a cikin tsohon birni kusa da zawiya, shi yana tunanin jan akwati a lungu da daddare, ya fi son otal a sabon gari. Mun bar wannan sai gobe bayan karin kumallo.