Takardar inshorar mota: a waya ko a cikin mota?

Ƙanena da ya zo Jidda aikin tuƙi ya tambaye ni inda zai riƙa ajiye takardar inshora. Na ce masa wuri biyu, waya da cikin motar.

A nan Saudiyya inshorar mota wajibi ce, ko da irin wadda ke biyan wanda ka buga ce kawai. Tun watan Oktoba na 2023 Murur, wato 'yan sandan hanya, suke kama motar da ba ta da inshora ta na'ura, ba sai an tsayar da kai ba, tarar kawai za ka gani a Absher, manhajar gwamnati ta waya. Don haka ranar ƙarewar inshorar ce abin sa wa ido, ni kam a kalandar waya nake rubuta ta.

Amfanin takardar ranar haɗari yake fitowa, Allah ya kiyaye. Kana tsaye bakin titi cikin zafin rana kana jiran Najm, wato masu zuwa duba haɗarin mota, caji na neman ƙarewa, hannunka na rawa. A nan ake gane darajar kwafin da ke aljihun gaban mota, cikin leda, tare da istimara, wato takardar rajistar mota. Kada dai a bar ta saman dashbod, ranar garin nan tana cinye rubutu. Ta waya kuma a ɗauke ta hoto, don ta buɗu ko babu intanet.

Idan motar kafili ce, wato ubangidan da ya ɗauke ka aiki, kamar ta ƙanena, a tabbata ya ba ka izinin tuƙa ta a Absher kafin ka karɓi makulli.