Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Neman Izinin Tafiya Saliyo

Makon jiya mun tsaya a ranar 20 ga Oktoban 2014, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da Ebola. Kafin a ce kwabo bokitan wanke hannu sun fara ɓacewa daga ƙofar bankuna da masallatai, mutanen Agege sun koma musabaharsu. Amma a Gini da Laberiya da Saliyo mutuwa ake yi babu ƙaƙƙautawa, har da likitoci da mu nas-nas. Da Tarayyar Afirka ta nemi ma'aikatan lafiya 'yan sa kai, sai na ba da sunana. Aiki ya rage na sanar da Hajiya.

Na same ta a tsakar gida tana tsince ruɓaɓɓen goro daga kwando. Ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana.

"Ke 'yar nan, ciwon da ya kashe likitar nan ta Obalende za ki bi har gidansa?"

Dakta Stella Adadevoh take nufi, wadda ta hana Patrick Sawyer barin asibiti bayan ya shigo da cutar daga Laberiya, ita ma ta kamu ta rasu a watan Agusta. Na ce, "Hajiya, ba a iska ake shaƙarta ba, sai an taɓa jini ko amai ko gudawar marar lafiya, ko gawarsa." Ko kallona ba ta yi ba, ta aika a kira Kawu.

Kawu ya fi ta wuyar sha'ani, don shi da hujja ya zo. Ya kawo hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta sauka. Sai da muka dangana da limamin unguwa, wanda ya ce jinyar marasa lafiya farali ne na kifaya, in kowa ya gudu kowa ya yi laifi. Kawu dai bai ce ya gamsu ba, shiru kawai ya yi, mu kuma muka ɗauki shirun a matsayin izini.

A nan Legas aka horar da mu. Sa rigar kariya ba wuya. Wajen cirewa ake kamuwa. Safar hannu biyu, takalmin roba, tabarau, kowanne da lokacin cire shi, ana fesa maka ruwan kulorin tsakani, wani na tsaye yana faɗa maka abin da za ka taɓa. Cikin zafin nan ba a cika awa guda a ciki, in ka cire takalmi gumi kake tsiyayarwa.

Farkon Disamba muka tashi. Hajiya ta ɗaure min yaji da kilishi, ta kafa sharaɗin in kira ta kullum bayan Asuba. Mako mai zuwa za ku ji saukarmu a filin jirgin saman Lungi da ke Saliyo.