Arhar mai rufi, wa ke biyan cikonta?

Sana'ata rufin kwano ce, ina da ɗan kamfani a Kano, ni da yarana. Wayata ta fi yin ƙara a farkon damina, wajen Mayu zuwa Yuni, lokacin da iska ke riga ruwa isowa. Abin da ke ci mini rai shi ne yawancin rufin da nake zuwa gyarawa sabo ne fil, aikin wanda aka ɗauko don kuɗinsa ya fi sauƙi.

In na hau sama, kusan abu ɗaya nake tararwa. Maigida ya biya kuɗin kwano mai kaurin milimita 0.55, an buga masa 0.45 ko ƙasa da haka, ido kuwa ba ya rabewa sai an sa ma'auni. Katakon ɗanye ne, ba a shafa masa maganin gara ba, yana bushewa ya murɗe, ƙusa ta saki. Mafi muni, katakon da ke kwance kan bango ba a ɗaure shi da rodi ko langa-langa a jikin lintal, wato kankaren da aka zuba a saman bango, ba, ɗorawa kawai aka yi. Iska na shiga ta ƙasa sai ta ɗauke rufin gaba ɗaya kamar faifai, wani lokaci ta jefa shi gidan maƙwabci. Ka nemi mai aikin, wayarsa a kashe, ba shago, ba takarda.

Wannan duk asarar dukiya ce, Allah zai mayar. Wadda ta fi tsorata ni ita ce ta rai. Yaro na tafiya a kan kwano mai santsi, wayar wuta na wucewa dab da kansa. In ya faɗo ya karye, ubangidansa kuma ba shi da inshora, ƙofar wa dangi za su buga? Taka, Alhaji, tunda a gidanka abin ya faru. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsu a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikata, saboda irin wannan rana. Muna biya, shi ya sa farashinmu ya ɗan ɗara. Mai ƙyamar inshora saboda addini kuma, ga takaful nan, wato inshorar Musulunci, hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta san da shi.

Kafin ka miƙa kafin alƙalami, nemi lambar rajistar mai rufin ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ana iya duba ta a waya. A rubuta kaurin kwano da irin katako a yarjejeniya, kowa ya sa hannu gaban shaidu, a kuma riƙe wani abu daga kuɗin sai aiki ya kammala. Sannan ka ce ya kai ka wani gida da ya rufa wanda ya ga damina biyu, ka keɓe da maigidan ka tambaye shi ko silin ɗinsa ya taɓa yin tabon ruwa.